Jar Motar Shafi'u da Hanyar Anka

"Lahiya lau, angona. Ya gajiya? Ko da yake mi zai gajiyar da kai, kai da ba ka da aiki sai tada hankalin mutanen Gummi."

Goggo Saude ce ke amsa gaisuwar jikanta Shafi'u, tana zaune a inuwar ƙofar gida tana tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai. Shafi'u bakanike ne. Bara ya sayo wata tsohuwar jar mota a Sakkwato, mai kujera biyu kacal, gajera kamar za ta kwanta a ƙasa. Ya shafe damina yana yi wa injinta aiki, har ya ɗaura mata turbo, abin nan da ke hura wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi. Shekaranjiya saƙo ya zo daga Anka cewa Habsu, ƙanwar Goggo, tana kwance ba lafiya, tana ta kiran sunan yayarta. Gwiwoyin Goggo sun daina yarda da babur, matsin motar haya kuma ba ta iya shi. Shi ne Shafi'u ya zo da hantsi, ya tsayar da motar a gabanta.

"Tsohuwa, na zo da motar ɗaukar amarya, ko ruwa ba ki ba ni?"

"Ina motar?"

"Ga ta gabanki."

"Wagga? Wallahi na aza jirgin masunta na anka jawo daga gulbi anka shahe shi da jan fenti. Ina sauranta? Ko ba ta gama girma ba?"

"Haka aka ƙera ta. Rashin nauyin nan shi ne daɗinta. Injin ba ya jan komai sai ni da ke, ke kuwa nauyinki bai kai buhun ƙaiƙayi ba."

"Kakanka da ya hi ka ƙarhi bai taɓa ce mini ƙaiƙayi ba."

"Tsoronki yake ji, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Shi dai da hankali nai. Kai ko ban san inda anka samo ka ba."

"Bari in tayar da ita ki ji murya."

"Kada ka soma! Na ji muryarta tun daga bakin kasuwa. Kajina sun bar yin ƙwai. Akuyar maƙwabciyata Basira ta haihu lokacinta bai yi ba."

"Ai sai Basira ta gode mini, na rage mata jira. Goggo, motar nan in na taka ta, kafin ki gama atishawa mun wuce Bukkuyum."

"Wato ni in isa Anka, haƙorana su tsaya Gummi."

"Waɗanne haƙoran? Ai sun daɗe da riga ki tafiya."

Goggo ta ɗauki tsakuwa ɗaya ta jefe shi da ita, ya goce yana dariya.

"To mai mota, hwaɗa mini. Ran Juma'a wa Basira tag gani bakin tasha ya buɗe wa wagga aba baki, tana hayaƙi kamar tukunyar turara shinkahwa?"

"Hutawa take yi."

"Hutawa?"

"Inji irin wannan yana son kulawa. Sai baƙin mai mai kyau, a sauya shi da wuri. Ba ta shan fetur ɗin galan na bakin hanya. Kullum a duba ruwan lagireto. In an yi gudu kuma ba a kashe ta nan take, sai an bar ta ta huce."

"To wagga ai ba mota ba ta, maijego ta. Saura ka dama mata kunun kanwa, ka dahwa mata ruwan wanka."

"Ke ma ai haka nake lallaɓa ki, kuma ban gaji ba."

Goggo ta ajiye faifan a gefe, ta kakkaɓe hannuwanta, ta dube shi.

"Shafi'u."

Ya daina dariya, don ba ta kiran sunansa sai magana ta zama magana.

"In ta yi wanga hutun nata cikin dajin da ke tsakanin Bukkuyum da Anka hwa? Ka san abin da ke hanyar yanzu. Kai kana iya gudu da ƙahwa. Ni ko tashi sai na dahe bango. Ina son in ga Habsu da ranta. Mu biyu munka saura cikin ɗiyan Inna. Ba ni son in tsaya bakin hanya ina kallon hayaƙi, ita tana can tana kirana."

Shafi'u ya tsuguna a gabanta, yana juya makullin a hannu.

"Gaskiya, Goggo, na matsa wa injin. Yana ba da ƙarfin da ya wuce wanda masu ƙera shi suka tsara masa, shi ya sa yake ɗaukar zafi. In na sassauta turbo ɗin, ba za ta yi irin tashin nan da nake so ba. Amma za ta kai mu ta dawo da mu, in Allah ya so."

"To mi ya hana ka?"

"Abokaina na gareji. Za su ce na mai da doki jaki."

"Su ce. Ni tun kana rarrahe nike maka dariya, ga ka nan ba ka mutu ba."

Ya yi murmushi, ya miƙe, ya ciro sifana daga ƙarƙashin kujera ya buɗe bonet. Goggo ta koma kan shinkafarta, tana jin ƙarar ƙarfe tana cewa ya yi a hankali kada ya fasa wa maijego ciki. Da ya gama ya duba mai da ruwa, ya goge hannu, ya ce gobe sai rana ta fito sosai za su tashi, su bi ayarin motocin kasuwa, ba su kaɗai ba.

"Amma yau sai kin gwada kujerar. Ba zan ɗauki amaryar da ba ta san shiga mota ba."

Shigar ma aiki ce. Sai da ya riƙe mata hannu ta sauka a hankali, tana salati tana cewa ko rijiya ba ta kai wannan zurfin ba. Ya ɗaura mata bel, ya ja motar sannu a hankali har suka fita bayan gari, inda kwalta ta miƙe tsakanin gonakin shinkafa, babu kowa sai balbelu. Nan ya ɗan taka totur.

Injin ya yi gurnani, motar ta yunƙura, bayan Goggo ya manne da kujera. Ta dafe ɗankwalinta da hannu biyu. Shafi'u ya yi maza ya sassauta, yana jiran faɗa. Sai ya ji tana ƙyalƙyala dariya, har da hawaye.

"Wanga shi na bayan ka rage?"

"Shi ne."

"Kai! Ashe abin da kake ji ke nan, ɗan banza, kab bar ni ina tsintar tsakuwa."

Ta kwance haɓar zaninta ta ciro farin goro, ta fasa, ta miƙa masa ɓari ɗaya.

"Ungo, direba. Gobe ka kai ni wurin Habsu kamar mutumin kirki. In mun dawo lahiya, ka mai da abin da kac cire. Ina son in ji shi duka, sau guda. Amma nan kusa da gida, inda in ta mutu sai ka goya ni."