Tambai da Tafkin Ɗakin Inna

A Unguwar Ɗinya katanga ɗaya ce ta raba gidana da gidan marigayi Barau, abokina tun na ƙuruciya. Ni ne Makau magini. Da hannuna na ɗora soron da matarsa, Inna Tabawa, take kwance a ciki, shi ya sa duk abin da ya faru a ɗakin nan a jikina na ji shi. Barau ya bar 'ya'ya maza biyu. Babban shi ne Sallau, mai wayo da saurin baki, wanda ya yi shekara shida yana kula da shuke-shuke a wani otal a birni, ya dawo yana ganin babu abin da zai gagare shi. Ƙaramin shi ne Tambai, ƙato ɗan shekara talatin mai ƙarfin mutum uku. Ba ya ƙarya, ba ya musu, kuma abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya riƙe maka akuya ka manta, gobe za ka same shi a wurin riƙe da ita.

A shekarar da nake ba ku labari ɓarin jikin Inna ya shanye. Matar Sallau ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, Sallau kuma daga asuba yana lambunsa a fadama sai la'asar, saboda haka Tambai ne mai jinya, mai ɗakina Ladingo tana leƙawa ta yi mata wanka. Ciwon bai tsorata mu ba kamar yadda ƙin cin abinci ya tsorata mu. A bakin tafki aka haife ta, sai ta kafe a kan magana ɗaya, a kai ta ta ga ruwan garinsu da bado a kansa. Malamin asibiti ya ce jijjigar hanya kaɗai ta isa ta ƙarasa ta. Muna kallo tana ƙarewa kamar sabulu a ruwa. Nan Sallau ya ce zai gina mata ɗan tafki a cikin ɗakin, da duwatsu kewaye da tsirrai a ciki, irin wanda ya gani a otal.

Na ce, "Sallau, da jar ƙasa na yi ginin nan. Ruwa zai ci shi."

Ya ce, "Baba, ai zamanin siminti muke."

Na bar shi ya yi, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan haka.

Wata rana da sassafe Sallau ya zana da'ira a daɓen ɗakin, tsakanin gadon Inna da bangon gabas, ya miƙa wa Tambai diga. Ya ce, "Ka yi ta haƙa sai na dawo." Nufinsa ya leƙa lambu ya dawo da hantsi. Sai injin ban ruwa ya lalace masa, bai shigo ba sai bayan la'asar. Tambai kuwa haƙa yake. Da azahar Ladingo ta shiga da kunu, ta tarar da tsibin ƙasa har bakin ƙofa, ga rami ya shanye mutum, ba a ganin komai sai diga tana ɗagowa tana komawa, ga Inna a miƙe a bakin ramin ta rufe ido. Ladingo ta saki kwanon ta fito tana salati, kafin ka ce me mata sun cika gidan, wani har ya tafi kiran liman. Na kutsa cikinsu na shiga. Inna ta buɗe ido ta dube ni.

Ta ce, "Malam Makau, in kabarina ne ku faɗa mini, in yi shiri."

Na leƙa ramin na ce, "Tambai, fito."

Ya ce, "Baba, Yaya bai dawo ba."

Haka muka zauna muna jin sautin diga a ƙarƙashin ƙafafunmu har Sallau ya iso. Da na haska ramin na ga ya gangara ƙasa da tushen bango. Aka mayar da ƙasar da gaggawa, na ce a bar ta ta kwanta ko na wata guda ne. Sallau ya ce Inna ba ta da wata guda. Ban iya ce masa ƙarya yake ba, washegari ya shafe siminti a kan sabuwar ƙasa.

Wata rana, bayan simintin ya bushe, Sallau ya aiki Tambai gindin tsauni ɗebo duwatsu. Gansakukar da ke jikinsu yake so, don su yi kore su yi kama da na bakin ruwa. Ya ce, "Kada ka wanke, kada ka karkaɗe. Ka kawo su da duk abin da ka same su da shi." Tambai ya yi sawu bakwai, ya jera duwatsu kewaye da ramin, gwanin sha'awa, har ni na yaba. Na sa hannu zan gyara zaman wani falalen, sai ya riƙe mini wuyan hannu.

Ya ce, "Baba, a hankali. Wannan biyu ne a ƙarƙashinsa."

Na ce, "Biyu me?"

Ya ce, "Kunamu. Ɗaya ta gudu, sai da na bi ta na kamo ta a gwangwani. Kowace na mayar da ita ƙarƙashin dutsenta."

Na tambaye shi su nawa ne duka, ya ce goma sha ɗaya. Ni da na yi shekara arba'in ina hawa katanga ban taɓa jin jiri ba, ranar sai na tsinci kaina tsaye a kan turmi. Tsohuwa kuma tana kwance taku biyu daga wurin, ba ta iya ko janye ƙafa. Muka ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya da muciya, muka kashe goma. Ta sha ɗayan ba mu gan ta ba. Kwana uku Ladingo tana karkaɗe shimfiɗar Inna tana karanta duk addu'ar da ta sani, sai a rana ta huɗu kunamar ta bayyana a takalmin Sallau, da ƙafarsa a ciki.

Duk da haka tafkin ya tashi. Sallau, yana ɗingishi, ya zuba laka daga fadama, ya dasa bado, ya saki kainuwa, ya cusa 'yan ciyayi a tsakanin duwatsu. Ranar da aka cika shi da ruwa aka jingina Inna da filo, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a ba ta kunu. Ta sha ludayi uku. Na ga Sallau ya juya baya yana share ido, ni ma na ce to, wataƙila ni ne tsohon banza mai baƙin baki.

Wata rana ganyen badon ya fara komawa ruwan ɗorawa. Sallau ya ce rashin rana ne, ya ce wa Tambai, "Duk yadda za ka yi, rana ta sauka a kan badon nan yau." Shi taga da ƙofa yake nufi. Tambai ya buɗe su, ya ga hasken ya tsaya a bango, bai taɓa ruwan ba. Sai ya ɗauki tsani ya hau kan soron, ya auna saitin tafkin, ya fara fasawa. Inna tana kwance ta ga ƙasa tana zubowa, sannan haske ya tsago daga sama, sannan wani ƙaton hannu ya ziro yana lalube. Ta ɗauka sa'i ne ya yi, ta ɗaga yatsan da ke motsi tana kalmar shahada. Ni ƙarar zare azara na jiyo daga gidana, ƙarar da kowane magini ya sani kuma ba ya son ji. Kafin in hau ya zare guda uku.

Na ce, "Tambai, azarar nan ita ke ɗauke da rufin da ke kan uwarka."

Ya leƙa ta hujin ya ce, "Amma dubi, Baba, rana ta sauka."

Ta sauka kuwa. Na mayar da azara biyu, ta ukun ta karye, Sallau ya rufe wurin da fallen kwano ya danne da duwatsu. A lokacin damina ta kusa, gabas ta fara haɗa gira.

Wata rana Sallau ya lura ruwan ya ɗan ja baya. Ya ɗauki gawayi ya ja layi a jikin simintin, ya ce, "Kada ka bari ruwa ya sauka ƙasa da nan." Daga ranar babu wanda ya sake ganin ruwan ya ragu, kowa ya saki jiki. Sai bayan mako biyu matan unguwa suka fara ƙorafi wai rijiyar masallaci tana ja tun kafin azahar, kuma duk wadda ta je sai ta tarar da Tambai da tulu. Na tare shi a hanya na tambaye shi tulu nawa yake zubawa a yini.

Ya ce, "Da farko biyu ne. Jiya talatin da huɗu."

Na ce, "Ka gaya wa yayanka?"

Ya ce, "Bai ce in gaya masa ba. Cewa ya yi kada ya sauka."

Na tsaya na yi lissafi. Tafkin duka bai fi cin tulu ashirin ba. Na zagaya bayan ɗakin na dafa bangon gabas, na ji shi da sanyi, na danna babban yatsa ya shige kamar a cikin tuwo. Da yamma na sami Sallau na ce a fitar da Inna daga ɗakin nan yau. Ya ce kwana biyu ke nan tana cin tuwo, bado kuma ya yi toho zai buɗe, in aka raba ta da ruwan za ta koma gidan jiya. Ya ce ranar Asabar zai kwashe ruwan ya toshe tsagar. Ran nan Laraba ce. Na koma gida na kasa cin abinci, ina zaune ina kallon katanga.

Wata rana, wato Juma'ar da ta biyo, aka tashi da hadari. Da za mu tafi masallacin Juma'a a garin gaba, Sallau ya ji tsoron kada Ladingo ta zuga Tambai su ɗauke Inna a bayan idonsa. Ya kira shi ya ce, "Ka ji ni da kyau. Inda ruwan nan yake, nan Inna take. Kada ka raba idonta da shi, ko wa ya ce maka." Muna cikin huɗuba ruwa ya kece. Ban san abin da liman ya faɗa ba, Allah ya yafe mini, hankalina yana kan fallen kwano da azara biyu. Ana sallamewa muka kamo hanya a cikin ruwan, ni da tsufana ina bin Sallau da gudu.

Abin da ya faru a bayanmu Ladingo ce ta ba ni labari. Simintin ya tsage gaba ɗaya, ruwan tafkin ya zurare ta ƙarƙashin bango, ya ɓullo a tsakar gida, ya taru a kwarin da ke bakin rariya, da kainuwarsa da ganyen badonsa. Tambai ya dubi ramin ya ga laka kawai. Ya leƙa waje ya ga inda ruwan ya koma. Sai ya naɗe Inna a bargo ya saɓa ta, ya fita da ita cikin ruwan sama, ya zaunar da ita a kan turmi a bakin kwarin, ya tsaya a bayanta ya tallafe ta, ya juya fuskarta ga ruwan. Ladingo ta yi roƙo, ta yi zagi, ta ja rigarsa har ta yage. Ya ce Yaya ya ce ko wa ya ce masa.

Haka muka same su. Tsohuwa mai shanyayyen jiki a tsakiyar ruwa, haƙoranta suna haɗuwa, bargo ya jiƙe sharkaf. Ban taɓa ganin fuskar Sallau haka ba. Ya yi kan ƙanensa ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Kashe ta za ka yi? Mayar da ita ɗaki."

Tambai ya sunkuya zai ɗauke ta, don an ba shi sabon umarni. Bai kai ga ɗagawa ba muka ji wani nishi daga bayanmu, irin na saniya in ta durƙusa. Bangon gabas ya zauna a hankali, rufin ya bi shi. Ko ƙura ba ta tashi ba, komai a jiƙe yake. Da muka iya duban wurin, ƙafar gadon Inna ɗaya ce kawai ta leƙo daga ƙarƙashin ƙasa da azara, a lanƙwashe.

Hannun Sallau yana sama har lokacin, ya manta da shi. Ruwan kwarin kuwa ya cika ya fara bin rariya zuwa waje, ganyen bado yana juyawa a bakinta.

Tambai ya ce, "Yaya, ɗakin babu. Ruwan kuma ya kama hanyar waje. In bi shi da ita?"

Sallau ya durƙushe a cikin taɓo ya kama ƙafafun uwarsa. Da ƙyar ya ce, "A'a. Tsaya nan, Tambai. Tsaya kawai."

Ni da Sallau muka ɗauki Inna zuwa ɗakin Ladingo, aka sauya mata kaya aka hura gawayi. A hannunta mai motsi akwai furen bado guda, fari, wanda ta tsamo daga kwarin ba wanda ya lura, ta ƙi sakinsa. Ta sha kunu rabin kwano. Sai da ɗumi ya shige ta ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ina autanta.

Na fita na same shi a inda muka bar shi, a bakin rariya, ruwa yana zuba a kansa, yana tsaye.