Gawar Da Ta Ɗaga Waya

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Injiniya Bala a Pleasant Garden ba, kuma ko na so in manta, Hausawan Greensboro ba za su bar ni ba. Amma kafin in kai ku can, bari ku san ko ni wane ne, don ku auna tsayin da na faɗo daga kai.

A duk faɗin North Carolina, daga bakin teku har kan duwatsu, babu Bahaushen da ya kamo ƙafata a labarin ban tsoro. In na gyara zama na ce "akwai wani maye a garinmu," sai ka ga manyan mutane masu digiri bisa digiri suna jan kujera suna matsowa kusa da juna. Akwai wani likita da ya ji labarina sau ɗaya, ya daina shiga garejinsa shi kaɗai. (Matarsa ta ce ɓera ne ya hana shi, amma ni na san gaskiya.) Ni kaina kuwa, tun da aka yanke mini cibiya ban san abin da ake kira tsoro ba. Haka nake faɗa a ko'ina, haka kuma 'yata Safiya ta taso tana ji. Tana ƙarama a cinyata take zama, ta toshe kunne ɗaya ta bar ɗaya a buɗe, in na tsaya ta ce in ci gaba.

Yanzu Safiya ta girma, tana jami'a. Ita da ƙawayenta sun kafa kulob na masu karanta littattafan ban tsoro, suna haɗuwa a wani shagon kofi da ke Elm Street su sayi ruwan zafi da kuɗin rago suna tsorata juna. Ban damu ba, don na ɗauka gado ne ta yi. Abin da kawai yake ɗan sosa mini rai shi ne in na yi mata Hausa da Turanci take amsa mini, kamar ni ne mai karɓar haraji.

Ranar sunan an kafa rumfa a bayan gidan Injiniyan, filin ya isa a noma dawa a ciyar da unguwa. Maza muna gefe guda, mata suna wajen ƙofar kicin, ba wata tazara ce tsakaninmu ba. An ci, an yi addu'a, hira ta fara daɗi. Ina riƙe da masa ta biyu (matata za ta ce ta bakwai, kada ku saurare ta) sai na hango Safiya ta taho wajenmu da waya a hannu. Na gyara hula. Ta wuce ni, ta durƙusa gaban Malam Isuhu.

Malam Isuhu mutumin Damagaram ne, yana koyar da Faransanci a wata sakandare. Siriri ne mai tabarau, yana magana a hankali har sai mutane sun yi shiru kafin su ji shi, dabarar da ni ban taɓa iyawa ba. Mutumin kirki ne ƙwarai, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi a lamarinsa.

Ta gaya masa kulob ɗinsu sun gaji da zombin fim, masu gudu suna cizon mutane kamar karnukan da suka haukace. Na asali suke so, gawar da boka yake tayarwa ya mai da ita baiwa. Ko ya san littattafan da za su karanta?

Sai mutumin nan ya cire tabarau ya goge, ya fara. Ya ce a Haiti abin ya yi ƙarfi, wajen bayin da aka kai noman rake. Ya ce su can ba tsoron gawar ta cinye ka ake yi ba, tsoron kada a mai da kai ita ake yi, mutum ya mutu amma ko mutuwar ba ta sallame shi daga aiki ba. Ba ta magana, ba ta gajiya, kuma ba a ba ta abinci mai gishiri, don in ta ɗanɗana za ta tuna ko ita wace ce. (Ni da nake aiki a sito, kullum da safe ina ganin irinsu a layin buga katin shiga aiki, amma ba wanda ya tambaye ni.) Daga nan ya shiga jero mata littattafai: wani a kan matar da ta gane hannun mijinta marigayi a jikin amalanken rake, wani a kan mai gonar da ma'aikatansa ba sa tsufa. Ya ce ta fara da na matar, ya fi taɓa zuciya, na biyun kuma ya fi hana barci.

Safiya tana dannawa a waya tana gyaɗa kai. Sai na ji ta ce, "Kawu, don Allah maimaita na biyun."

Da Hausa. Hausa garau, har da "don Allah." Ni da na biya kuɗin ƙarfen gyaran haƙoranta, rabon da in samu jimla guda ta Hausa daga bakinta tun ana sa mata ribom a gashi. Masar da ke hannuna ta koma kamar maɗaci. Gaskiyar magana kuma, littafin ƙarshe da na karanta har bango shi ne na koyon tuƙi. Ni da baki nake aiki. Amma hassada ba ta duba takardun mutum kafin ta ɗauke shi aiki.

Na yi gyaran murya irin wanda ke tayar da tsuntsaye daga bishiya. Na ce wa Malam Isuhu duk waɗannan da ya lissafa suna da kyau, ga masu koyo. Amma akwai wani littafin Hausa, tsoho, bugun Kano, mai koren bango, wanda in an ajiye shi kusa da nasa sai nasa su koma tatsuniyar gizo. Sunansa Gonar Da Ba A Amsa Sallama. (Sunan a nan take ya faɗo mini, har ni kaina ya burge ni.)

Mamaki ya sa Faransanci ya kuɓuce masa, ya ce, "A bon? Ban taɓa jin sa ba, Alhaji. Wa ya rubuta?"

Na ce ya rasu. Allah Ya yafe mini, na kashe mutumin da ba a ma haifa ba.

Safiya ta juyo. Abin da nake nema ke nan, sai na saki linzami. Na ce labarin wani ne, Ilu Mai Garma, da ya tafi ci-rani kudu, motarsu ta faɗi, labari ya zo gida cewa ya rasu. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar arba'in. Ashe wani attajirin manomi a ƙauyen da ke maƙwabtaka, Alhaji Tanko, ya sayi kurwarsa a hannun mayu. Da damina ta faɗi, wani yaro da aka aika kai wa babansa abinci gona ya ratsa ta gonar Alhaji Tanko, sai ga Ilu yana huɗa. Ya rame kamar kara, haɓarsa ɗaure da farin ƙyalle har tsakar kai, yadda ake ɗaure wa mamaci. Yaron ya yi sallama, ba amsa, sai wani gurnani daga maƙogwaro.

Bari in tsaya nan in faɗa muku abin da ban faɗa musu ba. Abin ya faru da gaske, a garinmu, kuma yaron ni ne. Ƙarshen labarin na gaskiya ba shi da armashi, shi ya sa na daɗe da yanke shi na yar. Sunayen kuwa ban canza ko ɗaya ba. Teku ce fa tsakanina da garin nan, wa zai sani?

Da na ga idon Safiya bai bar fuskata ba, sai na ƙara wuta. Gawa ɗaya ta zama gona cike da gawarwaki, kowa da garmarsa. Na ari gishirin Malam Isuhu ma, a gabansa, ba kunya. Na ce yaron nan zuciyarsa dutse ce, in ji marubucin. Bai ja da baya ba ko taku ɗaya. Ya buɗe ƙullin gishirin da ke cikin kayan abincin, ya matsa har yana jin sanyin jikin gawar, ya watsa mata a baki.

Malam Isuhu ya ce lallai yana so a ara masa littafin nan. Na ce kash, gara ta cinye nawa. Safiya ta baro wajensa ta dawo kusa da kujerata ta zauna a ƙasa. In da a nan Allah Ya kawo ruwan sama aka watse, da yau ba ku ji wannan labari ba.

"Wane Ilu Mai Garma?"

Muryar daga wajen ƙofar kicin ta fito. Mahaifiyar mai jego ce, wadda ta zo daga gida don wankan jego, kowa yana ce mata Hajiyar Kaduna. Tana zaune da jaririn a cinya. Na gaishe ta da safe har ƙasa, ban kuma tambayi inda aka haife ta ba, tunda an ce Kaduna na ɗauka magana ta ƙare. Ta tambaye ni sunan garin da ke cikin littafin. Na faɗa. Ta ce ni ɗan wane gida ne a can. Mutum yana iya ƙirƙiro littafi, amma ba ya iya canza uwa a bainar jama'a. Na ce ɗan Kande ne, ta gidan Sarkin Aska.

Ta ce to, Ilu yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Alhaji Tanko kuma, da na ce yana ciniki da mayu, kawunsu ne, shi ya yi limancin ƙauyen har ya koma ga Allah. Mota ta faɗi da Ilu, gaskiya ne, amma muƙamuƙinsa ne ya karye, ya daɗe a asibiti ba ya iya faɗin ko sunansa. Da aka sallame shi kunya ta hana shi shiga gida hannu rabbana, ya sauka wajen kawunsu yana taya shi noma, haɓa a ɗaure yadda mai ɗori ya ce.

Na ce, "Hajiya, ai littafi ne. Suna ne kawai ya zo ɗaya."

Ta miƙa jaririn, ta zaro waya daga jaka, ta ce wa wata ta danna mata lambar Yaya, kira mai hoto. Na yi addu'ar da ban taɓa yi da irin wannan ikhlasi ba, cewa Allah Ya ɗauke sabis a garinmu. Garin da in kana neman sabis sai ka hau tudu ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa. Ranar, bugu ɗaya ta shiga.

Sai ga wani dattijo a kan tabarma, ya idar da sallar magariba, bakinsa a ɗan karkace, yana ihu cikin wayar kamar Amurka a tsallaken rafi take. Hajiya ta ce masa ga wani nan yana gaya wa mutane ya mutu, har an sa shi a littafi. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce wane ne. Ta juyo da wayar ta saita ta a fuskata, ta ce ɗan Kande ne.

"Wanne? Mai ƙaton kan nan?" Ya matso da ido. "Shi ne kuwa. Kai ne ka jefar da kwanon babanka ka ratsa ƙaya a guje, ina kiranka bakin ya ƙi buɗuwa. Har sai da aka yi maka rubutu ka sha kafin ka daina firgita."

Hajiya ta ce, "Wai ya ce gishiri ya watsa maka."

Ya ce, "Ya dai watsa wani abu. Amma a wandonsa."

Likitan nan na gareji shi ya fara faɗowa daga kujera. Mata suka toshe baki da mayafi, mayafan suna rawa. Jaririn ma ya farka ya sa kuka, ni dai na ɗauka dariya ce irin tasa. Malam Isuhu kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce ai duk littafi mai kyau daga irin wannan yake farawa, kuma Alhaji yana da baiwar ba da labari. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tashi da wannan tumbin nawa na je na durƙusa gaban Hajiya, don jingina wa mamaci maita ba abin wasa ba ne, ko a Amurka. Ta ce ta yafe, in yi wa kawunsu addu'a. Dattijon kuma ya ce in gaida yara, in kuma na tashi sake kashe shi in sanar da shi ya shirya.

A hanyar komawa gida matata tana kallon taga, kafaɗunta ne kawai suke motsi. Ni kuwa ina tuƙi ina bitar karatun da na koya: in za ka ƙirƙiro littafi, canza sunaye, domin babu inda ya yi nisan da 'yar garinku ba za ta zo wankan jego ba. Kuma in 'yarka ta tambayi wani abin da ba ka sani ba, cika bakinka da masa, ita ba ta da dangi a Kaduna.

Mun kusa gida na kasa haƙuri, na tambayi Safiya, wai kamar ban damu ba, wanne littafi za su karanta. Ta ce na Kawu Isuhu, na matar nan. Sai ta dafa kafaɗata daga baya, ta yi mini Hausar da na daɗe ina jira.

"Kada ka damu, Baba. Kowane littafin tsoro yana buƙatar wanda zai fara gudu."