Agogon Gado na Suhail

Jalingo ta yi dace da ta samu Suhail, matashin ɗan kasuwan da ba wanda ya taɓa ganin hajarsa. Kamfani gare shi, cikin wayarsa yake, shi ne shugaba shi ne masinja. Agogo kuwa arba'in da ɗaya ya tara, kullum biyu yake ɗaurawa, shi ya sa 'yan unguwar Barade suke ce masa Sarkin Lokaci. Ko sauro zai kora sai ya naɗe hannun riga.

"Mu gidanmu ba a sayen agogo, gadonsa ake yi," in ji shi a majalisa. "Marigayi dadi na a Dubai ya yi rayuwarsa."

Marigayin nan, wato mahaifin nasa, yana nan da ransa a kasuwar garin Mutum Biyu. Malam Njidda sunansa, shekara talatin yana gyaran agogo a bakin teburi guda. Al'adarsa, duk agogon da aka kawo sai ya zana sunan mai shi a baya da allura, da ajami, don kada amana ta cakuɗe. Waɗanda masu su ba su dawo ba yana adana su a gwangwani. Gwangwanin ne Suhail ya yi wa ziyarar salla. Ni dai kashe tsohon nan da baki ya fi satar ba ni haushi.

Ana nan sai Sarkin Lokaci ya ga Ruwaida, 'yar Alhaji Maiturare na Yelwa, kuma wannan karon da gaske yake so. Alhaji ya ce ya zo su gaisa kafin a yi maganar manya. Suhail ya zaɓi agogon da ya fi tsufa, ya zauna a tabarma yana juya hannu har Alhaji ya tanka.

"Na kakana ne, Baba. Guda biyar kawai kamfanin ya ƙera a duniya. Ga hatiminsu na Larabci a baya."

Ya kwance ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya sa tabarau, ya juya, ya daɗe yana kallo.

"Yaro, nan an rubuta Maiturare. Shekara goma sha biyu ke nan da na bar shi wajen Malam Njidda, lokacin ina cin kasuwar Mutum Biyu. Mene ne haɗinka da shi?"

Suhail ya duba ɗaya agogon da ya rage a hannunsa.

"Babana ne," ya ce, da ƙyar aka ji.

"Ashe! Makon jiya na ji ya yi limanci. Da ɗan Njidda ne ya shigo min, wallahi da yau na ba shi Ruwaida. Amma kai, yadda na ji kana faɗa a majalisa, maraya ne daga Dubai, ban san gidanku ba."

Alhaji ya kara agogon a kunne, ya girgiza shi, ya sa a aljihu.

"In ka je ta'aziyya, ka ce masa har yanzu ba ya tafiya."