Rasuwar Ƴar Kwatano, Na'urar Feɗe Waya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Alassan, mai atiliye, wato shagon haɗa wayoyin lantarki, a hanyar gada, nan Gaya, nake sanar da ƴan'uwa da abokan ciniki rasuwar na'urarmu mai yanka waya ta feɗe, wadda kowa ya sani da Ƴar Kwatano. Ta cika ranar Talata da hantsi, da jar waya a bakinta ba ta gama yankewa ba.

Yayana Harouna ne ya ɗauko ta daga Kwatano a bayan kamiyo, babbar motar kaya, shi ya koya mata awo. Kafin zuwanta da reza muke feɗe roba, yatsun ma'aikaciyarmu Jumma har yau suna ɗauke da tabo. Marigayiya ba ta taɓa ƙara tsawo ko ragewa ba. Takan tuɓe wa waya rigarta ba tare da ta kuje silin tagulla ko ɗaya ba. Maganarta ɗaya ce daga safe har la'asar: zirrr, ƙyas. Manoman shinkafa na Bengu masu ban ruwa da pano mai aiki da hasken rana sun ci moriyarta, ko da ba su taɓa ganinta ba.

Ciwonta ya fara bayan sojoji sun karɓi mulki, aka rufe gada. Wuƙarta ta dakushe, sabuwa kuwa sai a Malanbil, ƙetaren kogi. Yaya Harouna ya ce zai shiga kwalekwale ya sayo ta ya dawo kafin azahar. Lokacin kogi a cike yake. Kwalekwalen ya kife da su a dawowa. Allah ya jiƙansa.

Ta ci gaba da aiki da tsohuwar wuƙa, a kan awon ƙarshe da ya sa mata. Babu wanda ya iya sa hannu ya canza shi, har ni. In mai saye ya nemi wani tsawo, sai mu yanka masa da hannu. Matar Yaya Harouna, Hajara, takan kawo mana abincin rana ta zauna kusa da ita, ta ce in ta rufe ido kamar yana tsaye a wurin. Daga baya na'urar ta fara tauna waya, allonta yana ɗaukewa yana dawowa, har ya ɗauke da lambobin Yaya Harouna a ciki.

Ta rasu ta bar ni, ta bar aikin mutane da ban san yadda zan gama ba, ta bar Jumma wadda har yanzu takan miƙa hannu ta tari wayar da ba za ta fito ba.

Za a wanke ta da man gazuwal ranar Juma'a bayan la'asar, a lulluɓe ta da zanen da Hajara ta kawo, a bar ta inda take. Masu sayen tsohon ƙarfe su yi haƙuri, kada su zo. Ana karɓar gaisuwa a atiliye. In kuka ga mun yi shiru a tsakiyar gaisuwa, ku gafarce mu, ba raini ba ne, saurare muke yi ko za mu ji zirrr, ƙyas.