Batta da Sigarin Lantarki a Cikin Rumbu

"Lafiya lau, amarya. Ya tsufa?"

"Tsufa yana gaishe ka, ango. Kai da ƙuruciyar sanda biyu kake dogarawa, ni da tsufan ɗaya ta ishe ni. Zauna kafin ka faɗo min a kan shanya."

Masu wannan gaisuwa su ne Hajiya A'i, wata tsohuwa a ƙauyen Kwandiko ta ƙasar Gwaram, da jikanta Hambali. Tana zaune a gindin rumbu, ɗanta Datti kuma, baffan Hambali, yana kan tsani yana fito da dawa.

Ya kamata a san abin da ya gabata. Bara Hambali ya faɗi a babur, ƙashin ƙaurinsa ya karye, aka yi ɗori bai kama ba. Likita a Birnin Kudu ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, da sharaɗin ya bar sigari tukuna. Hambali ya bar sigari, amma ya koma sigarin lantarki, wata 'yar na'ura mai kama da biro wadda ake yi wa caji, ana zuƙa tana fitar da tururi mai ƙamshin mangwaro. Hujjarsa ita ce, abin da babu wuta babu toka ba taba ba ne. Hujja ce mai ɗingishi kamar mai ita. Da aka gwada shi aka sami nikotin a jikinsa, wato sinadarin taba da ke takura jijiyoyin jini, ƙashi kuwa ba ya haɗewa sai da wadatar jini. Aka ɗage aikin, aka ba shi wasu makonni, aka gaya masa a fili cewa idan ya koma, yana iya rayuwa da gurguwar ƙafa.

"Me ya fito da kai da hantsi?" in ji tsohuwar. "Juwairiyya ta gaji da kai?"

"Matata ba ta gajiya da ni. Cewa ta yi in fita in sha iska, wai tun asuba nake faɗa da buta."

"Me butar ta yi maka?"

"Kallona take yi."

"Allah Sarki. An kai ka inda buta ta raina ka."

"Ki bar dariya, tsohuwa. Kaina kamar ana sussuka a ciki. Barci ya ƙi. Na cinye tuwon jiya, na cinye kokon yara, har yanzu bakina neman wani abu yake."

"Ina 'yar usur ɗin taka?"

"Tana aljihu. Wallahi ban zuƙa ba tun da likita ya koro ni. Taɓa ta dai nake yi in ji tana nan."

"Ƙato da gemu yana tsotsar abu mai ƙamshin alawa. Kakanka da ya sha taba, wari take yi, kowa ya san laifi yake aikatawa. Ku kun sa wa laifi turare."

Idon Hambali yana kan bakin zanenta, inda take ɗaure battar tabar gari da take sawa a leɓe.

"Amarya," ya ce da tattausar murya, "yau kin yi kyau."

"Faɗi abin da kake so. Rabon da ka ce na yi kyau tun ranar da na yanka zakara."

"Likita hayaƙi ya hana. Taki kuwa gari ce, ba ta hayaƙi. Ɗan tsunkulo min kaɗan, in sa a leɓe, kan nan ya lafa."

"Ka ji malamin! Wancan karon ka ce babu toka, yau ka ce babu hayaƙi. Gobe sai ka ce a kaɗa maka ita a miyar kuka, tunda likita bai hana miya ba. Juwairiyya ta karanta min duk abin da likitan ya rubuta. Abin da ke cikin ganyen ne matsalar, ko ta hanci ya shiga, ko ta leɓe, ko ta usur."

"Ke da miji, sai ki hana shi abin hannunki?"

"Mijin da ko sadaki bai biya ba? Ka warke ka nome min gonar gyaɗa, sannan mu yi maganar haƙƙi."

"To na ji. Amma mai wa'azin nan, tun kafin a yi kwaltar Gwaram take cusa taba a baki. Dubi haƙoranki, guda ukun da suka rage, kamar an jiƙa su a rini."

"Ni ba ta riƙe ni ba, ni nake riƙe da ita. Duk azumi wuni nake ban taɓa ta ba."

"Haka ne. Ana kiran magariba kuma kowa na neman dabino, ke kina kwance bakin zane. Ran nan da battar ta ɓace, ba akuyar maƙwabta kika ce ta haɗiye ba? Har kika ce a kira mahauci."

"Akuyar ba ta da gaskiya a fuska."

"A ƙarƙashin tabarmarki aka same ta!"

A nan tsohuwar ta gyara zama. Mai hana wani abin da shi kansa ya kasa bari, ko da maganarsa gaskiya ce, ya rage mata nauyi da hannunsa. Hajiya A'i ba ta yi karatun boko ba, amma ta san lokacin da hujja ta kama ta.

"Saurara, ɗan nema," ta ce. "Abin nan da kake ji, na san shi. Kamar naƙuda yake zuwa, ya murɗa, ya murɗa, sannan ya saki. In ya taso, ka sha ruwa, ka ba bakinka asuwaki ko aya, ka ba hannunka carbi maimakon aljihu. Kafin ka kai ƙarshen carbin ya lafa. Zai dawo, sai ka sake."

"In kuma bai lafa ba?"

"Ka zo ka zage ni, ka ƙyale buta. Ni ina da bakin ramawa." Ta dube shi sosai. "Hambali, kai na ajiye wa gaban makarata. Ba na son a ɗauke ni ana tangaɗi, ka je ka kifar da ni a kwalbati. Da ƙafa biyu nake so ka kai ni."

"Wa ya ce miki za ki mutu? Ke da mutuwa ma take kewaye gidanki saboda surutu."

Ya faɗa da dariya. Tsohuwar ta kwance bakin zane, ta ciro battar, ta ɗaga kai.

"Datti! Kafin ka rufe rumbun nan, karɓi wannan ka jefa can ƙasa." Ta miƙa wa jikanta tafin hannu. "Kawo usur."

"Rumbu kuma?"

"Bakinsa a sama yake. Duk wanda ya hau tsani da ƙafarsa, ya ɗauko tasa. Ni da wannan gwiwar ba ni ba hawa har abada. Kai kuma sai ranar da ƙashi ya kama. In ka hau ranar, ka ga har yanzu kana son ta, kai da Allah."

Hambali ya daɗe hannunsa a aljihu. Ya dubi tsanin, ya dubi ƙafarsa, ya dubi battar da ta girme shi tana hannun baffansa. Sannan ya ciro na'urar ya ɗora a tafinta. Ta miƙa wa Datti, ya karɓa. Ya jefa su biyun, ya mayar da murfin, ya sauko, ya saɓa tsanin ya fita da shi.

Hajiya A'i ta jawo ƙwarya ta tura masa. "Ga aya. Tauna."

"Ke kuma me za ki tauna da haƙori uku?"

"Kai zan tauna, safe da yamma, har a kai ka Birnin Kudu."

Hambali ya ɗebi aya ya fara tauna. Hannun tsohuwar ya tafi bakin zane da kansa, ya lalube, ya dawo wayam. Ta yi tsaki, ta waiga gefen randa ta ɗaure fuska.

"Wai ita waccan butar me take kallo?"

Hambali ya ƙyalƙyale da dariya har sandarsa ta faɗi. Ya zaro carbinsa daga aljihu ya miƙa mata.

"Riƙe, amarya. Fara ja, in kin kai ƙarshe ki ba ni."