Ranar da Na Kusa Kashe Haƙorina da Bakina

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na je Maijirgi taya surukina kwasar gero ba. Wata huɗu ke nan da na auri ɗiyarshi. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, a lakwal, hannuna ya fi sanin alli fiye da igiyar jaki, amma na dage ni zan kora amalanken (ba wanda ya roƙe ni). Jakin ya zabura a wani gangare, na kifa, bakina ya daki ƙarfe. Haƙorina na gaba ya ɓantare, yana ɗan motsi.

Baba ya ce mijin ɗiyarshi ba zai yi giɓi a gonarshi ba. Washegari ya goya ni a moto har Tasawa wurin likitar haƙori, ya kuma shigo ɗakin ya zauna dab da ƙafafuna.

Likitar ta duba, ta ɗan ƙwanƙwasa haƙorin. Ta ce za ta ɗora mishi auduga mai tsananin sanyi, don ta gane ko jijiyar da ke ciki tana da rai. "In kun ji wani abu, ku ɗaga hannu, Mushe."

Bayanin bai shige ni ba. Abu ɗaya ke raina: jiya tsohon nan ya ga jaki ya kayar da ni, yau ba zai ga auduga ta sa ni raki ba.

Ta ɗora. Sanyin ya harbe ni har tsakar kai. Na damƙe kujera, na ce, "Ban ji komai ba."

Ta ce hakan na faruwa, jijiya takan suma bayan bugu. Ta gwada na kusa da shi don kwatance. "Ba komai," in ji ni. Ta sauka kan na ƙasa, wanda ko ƙwarzane bai yi ba. Na sake cewa ba komai, hawaye na gangarowa cikin kunnena.

Ta ajiye audugar, ta dubi surukina, ko murmushi babu. "Baba, bakin ɗanku duk ya mutu. Sai dai mu huda su ɗaya bayan ɗaya, mu cire jijiyoyin." Ta ɗauko injin hudawa, ta kunna.

Hannu biyu na ɗaga. "Na ji, Madam. Wallahi tun na farko na ji."

Likitar ta kashe injin. Can Baba ya gyara hula, ya ce a hankali, "Ni ma na san ka ji, ɗana. Sau uku kana shurina."

Likitar ta ce zafin da nake ɓoyewa shi ne labari mai daɗin da take nema, don haƙori mai rai ne ke jin sanyi. Ta cike ɓantaren, ta ba ni randebu, in dawo bayan wata guda, ta ce in na ga ya fara duhu in zo kafin lokacin. Na koma sau uku (ni kaɗai), kuma haƙorin na nan da ranshi har yau.

Daga Tasawa zuwa gida ina ganin kafaɗun Baba na rawa, kuma hanyar ba gargada a wurin.

Tun daga ranar na gane jarumta ba ta da amfani a kujerar likita. Yanzu in aka tambaye ni ko na ji zafi, sai in faɗa duka, har in ɗan ƙara kaɗan don a tabbata.