Ramin da Na Cusa Wayar Rauta

Da na sayo rauta biyu, na'urar raba intanet, don ya kai sashen yayana, na hana kowa taɓawa, tunda ni ne mai difloma a gidan. Na ja waya tsakaninsu, na cusa a ramin da na fara gani. Bidiyo ya riƙa maƙalewa. Na taso daga Birnin Kudu har Gwaram, na zazzage wa mai shagon da na sayo kayan masifa cikin jama'a, na ce wayarsa jabu ce.

Kafin in dawo, Hajiya, matar yayana, ta mayar da wayar ramin da ya dace, intanet ya yi sauri.

"Malam, ai an zana a jikin kwalin," in ji ta.

Har yau ko caji zan sa, sai Yaya ya ce, "A kira Hajiya ta nuna masa rami."